Hilux na jijjiga ni a hanya: shok zan canza, ko sifirin, ko taya?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ta 2013, mai ƙofa huɗu, fo-wil, injin fetur 2.7, tayoyinta 265/65R17. Yawancin kwanaki bayanta babu kaya, daga gida sai wurin aiki. Da damina kuma nakan ɗora mata taki buhu takwas zuwa goma in kai gona, hanyar kuwa burji ce mai gargada. Abu uku ke damuna. Tana dukan mutum a kan galof har iyalina sun daina son zama a kujerar baya. Gabanta ya fi bayanta ƙasa, kamar mai shirin yin ruku'u, ina son su daidaita. Sannan ina sha'awar tayoyi masu ɗan girma. Wani bakanike ya ce in sayi dogon shok mai gas, duka ukun za su warware. Gaskiya ne? In gaskiya ne wanne zan saya?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Kana neman taushin tafiya, da daidaita tsayin gaba da baya, da wurin da manyan tayoyi za su juya ba tare da gogar jiki ba, kuma an ce maka kaya ɗaya zai biya duka. Ba zai biya ba. Abubuwan nan uku kowanne da abin da ke riƙe da shi a ƙarƙashin mota, kuma wani lokaci gyaran ɗaya ɓata ɗaya yake yi. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke yanke tsayin da mota za ta tsaya. Shok, wanda wasu ke cewa shokazoba, ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa ya hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya dannu ya saki. Ko taya za ta shiga ko ba za ta shiga ba kuwa, wannan lissafin faɗin rami ne da inda rim ya ajiye tayar. Wanda ya cuɗa ukun nan wuri ɗaya shi ke kashe kuɗi sau biyu.

Hilux irin taka, wato samfurin da aka yi daga 2005 zuwa 2015 wanda ake kira Vigo, gabanta da bayanta ba tsari ɗaya ba ne. A gaba kowace ƙafa zaman kanta take yi, tana rataye da hannaye biyu, ofa-am a sama da lowa-am a ƙasa, shok ɗin kuma yana cikin sifirin mai naɗi, a haɗe suke kamar abu guda. A baya askil ne guda miƙaƙƙe a kan sifirin falle-falle, shok ɗin yana gefe shi kaɗai. Sifirin bayan nan an yi shi ne don kayan da ya doshi tan ɗaya. Idan babu komai a kansa ba shi da abin da zai lanƙwasa shi, sai ya miƙa dukan hanya kai tsaye zuwa shasi, daga shasi zuwa ƙugun wanda ke kujerar baya, wadda ta fi ta gaba kusa da askil ɗin. Saboda haka ka sa a ranka tun yanzu cewa za a iya rage dukan sosai, amma Hilux ba za ta koma Prado ba, don ita Prado sifirin mai naɗi gare ta a baya.

Kafin ka sayi komai

Fara da iskar taya, domin a nan ne rabin koken da ake kawo min yake ƙarewa. Masu faci da yawa suna cika tayar Hilux zuwa 45 ko 50, wasu har 60, wai ai motar kaya ce. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Ga taya 265/65R17 ba tare da kaya ba, abin da za ka gani bai wuce wajen 29 zuwa 30 ba, sai in an yi lodi a ƙara wa na baya. Taya ita ce sifirin farko da ke haɗuwa da hanya, in ta zama dutse babu shok ɗin da zai gyara. Sayi ma'aunin iska naka na kanka, ka auna da safe kafin tayar ta ɗauki zafi, don ma'aunin bakin titi sau da yawa ya sha faɗuwa ƙasa ya daina faɗin gaskiya. Ranar ɗaukar taki ka kai na baya adadin lodi da takardar ta nuna, in ka sauke ka rage.

Sannan dubi gefen tayar. In ka ga LT kafin lambar girma, ko C a ƙarshenta, taya ce mai kaurin gefe da aka yi don kaya, ta fi jure ƙaya da duwatsu amma ta fi tauri. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa, musamman a zafin rana irin namu, ko da zanenta bai cinye ba.

Daga nan a shiga ƙarƙashin mota a ƙirga fallayen sifirin baya. Motocin da aka saya a hannu, musamman waɗanda suka yi aikin kamfani ko ɗaukar kaya, sau da yawa an ƙara musu falle ɗaya ko biyu. Ana gane ƙarin daga kauri ko launin da ya bambanta da sauran, da kuma dogon kusan tsakiya da aka sauya. In an ƙara, ga mai laifin nan, kuma shi ne ya ƙara ɗaga bayan har gaban ya yi kamar ya faɗi. Ko ba a ƙara ba, tsatsa da jar ƙasa kan cika tsakanin fallaye su manne da juna, sifirin ya daina zamewa, ya zama kamar sandar ƙarfe ɗaya. Maganinsa a sauke shi, a warware, a kankare da burushin ƙarfe, a mayar da 'yan robobin da ke ƙarshen fallaye in sun cinye. Kada a cika shi da giris na gama-gari, ƙura zai kama ya koma kamar sanfefa. A duba bushin na idon sifirin da na shakul, wato ƙarfen da ke lilo a ƙarshen sifirin ta baya. Shakul ɗin da ya ƙame, ko aka ɗaure shi fiye da kima, yana hana sifirin miƙewa, kuma dukan da yake jawowa ya fi na mataccen shok.

Ga gwaji mai sauƙi da zai raba maka gardama. Gyara iska, ka ɗora buhun yashi uku, kimanin kilo 150, daidai kan askil na baya, ka bi hanyar da ka saba. In motar ta yi laushi nan take, matsalarka taurin sifirin ne, sabon shok kaɗai ba zai kai ka inda kake so ba. In kuwa ta ci gaba da tsalle sau biyu sau uku bayan kowane galof, ko bayanta na zillewa gefe a kan gargada, to shok ya mutu. Sauran alamun mutuwarsa su ne mai yana gangarowa a jikinsa har ƙura ta yi masa kunu, gaban mota na nutsewa sosai in an taka birki, da taya mai cinyewa rami-rami in ka shafa ta da tafin hannu. Ɗan danshin mai a saman shok ba komai ba ne. Gwajin danna mota da hannu a saki kuwa ba ya aiki sosai a Hilux, sifirin ya yi ƙarfin da hannu ba zai motsa shi yadda ya kamata ba. Motar 2013 da ba a taɓa canza mata shok ba, a irin hanyoyinmu, da wuya a ce yana da sauran rai.

Wane irin shok

Kalmar "mai gas" ta rikita mutane. Kusan duk shok na zamani mai ne a ciki, aikin kuma man ne ke yi yayin da fistin ke tura shi ta ƙananan ƙofofi. Iskar naitirojin da ake sawa aikinta ta danne man kada ya yi kumfa in ya yi zafi, don man da ya yi kumfa ba ya riƙe komai. Wannan ne dalilin da mota kan fara tafiyar burji lafiya, bayan rabin sa'a a kan gargada ta fara rawa kamar babu shok.

Iri biyu ne manya. Mai bututu biyu, irin wanda motar ta zo da shi, gas ɗinsa kaɗan ne, yana da laushi a kan ƙananan duka, yana da araha, kuma in dutse ya lotsa bututun waje yakan ci gaba da aiki. Rauninsa zafi. KYB Excel-G na cikin wannan rukuni, kuma shi ne mafi kusa da na asali. Mai bututu ɗaya, irin Bilstein, gas ɗinsa na da ƙarfin matsi sosai, an raba shi da man da wani fistin na biyu, yana fitar da zafi da sauri, yana riƙe mota tsaf a kan gudu da kwana. Sai dai a cikin gari, a ƙaramin gudu, za ka riƙa jin kowane gaɓar kwalta, kuma in bututun ya lotse shi ke nan. Tsakaninsu akwai manyan masu bututu biyu da kamfanonin Ostareliya ke yi don irin wannan mota, kamar Nitrocharger na Old Man Emu, da masu soson roba a ciki a madadin gas irin na Ironman 4x4 da Tough Dog. Waɗannan jikinsu ya fi kauri, man da ke ciki ya fi yawa, saboda haka sun fi daɗewa kafin su yi zafi.

Ga wanda babban kokensa duka ne kuma bayan motarsa fanko ne yawancin lokaci, ni babban mai bututu biyu nake zaɓa. Mai bututu ɗaya na wanda ke dogon gudu a burji ne ko mai ɗaukar nauyi kullum. Masu ƙaramar tukunya a gefe irin Fox da King kuwa kayan tsere ne, suna da kyau ƙwarai, amma ana buɗe su a yi musu sabis lokaci-lokaci, kuma in babu mai yi maka wannan a kusa, kuɗinka ka zubar.

Tsawon shok ba abin ado ba ne. Kowane shok na da awo biyu, tsawonsa a buɗe da tsawonsa a rufe. In ka sa dogo a motar da ba a ɗaga ba, ranar da ka yi lodi ka faɗa rami shok ɗin zai ƙure kafin askil ya taɓa robar tsayarwa da ke jikin shasi, duk nauyin motar ya sauka a kansa. Daga nan sai lanƙwashewar sanda, ko fashewar bawul, ko tsagewar kunnen da yake ɗaure a kai. In kuma ka ɗaga mota ka bar gajere, shi zai riƙa riƙe askil in ƙafa ta saki, ka riƙa jin "ƙwas" a kowane tudun rage gudu. Don haka shawarar bakaniken nan ta dogon shok, ita kaɗai ba tare da sifirin da ya dace da shi ba, ba ta ɗaga bayan mota ko da inci ɗaya, illa dai ta jawo ɓarna.

Kasuwa kuma sai an yi hattara. Akwai tsohon shok da ake wankewa a fesa masa fenti a sa a sabon kwali. Zaro sandar ka duba: ta gaske sumul take kamar madubi, babu ƙuraje babu zane. Tsayar da shi a miƙe ka danna ka ja sau huɗu ko biyar. Ya kamata ka ji riƙo iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu wurin da zai faɗa fanko. Masu huda shok su ɗura masa mai su toshe kuwa, wannan dabarar kai mota kasuwa ce. Abin da ya sa man farko ya zube bai gyaru ba, kuma gas ya riga ya tafi. A canza shok biyu-biyu, hagu da dama tare.

Daidaita gaba da baya

Da gangan Toyota ta bar bayan ya fi gaba tsayi, don in an yi lodi ya sauko ya yi daidai. Kai kuma kana ɗora buhu goma, kilo 500 ke nan. In ka daidaita motar tsaf tana fanko, ranar taki hancinta zai kalli sama, fitilunka su riƙa kashe wa masu tahowa ido, sitiyari ya yi sakayau saboda nauyi ya bar gaba. Saboda haka kada ka nemi daidai-wa-daida. Bar wa bayan fifikon milimita 15 zuwa 20. Ido ba zai gani ba, amma lodi zai samu wurin zama.

Yi awo kafin komai. Ajiye motar a daɓen siminti mai shimfiɗa, tanki rabi, babu kaya, ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi a miƙe, a ƙafafu huɗu, ka rubuta. Ana aunawa daga tsakiyar rim ne don iskar taya ko girmanta kada su shiga lissafi. Kada ka yi mamaki in hagu ya fi dama ƙasa da 'yan milimita: tankin mai a hagu yake, direba ma a hagu. Sau da yawa awon nan kan nuna cewa sifirin gaba ne ya gaji ya zauna bayan shekara goma da wani abu, musamman in an ɗaura wa motar bamba ta ƙarfe. In haka ne, sabon sifirin na asali ma kaɗai zai maido da wani ɓangare na tsayin da kake nema.

Hanya uku ake ɗaga gaba. Mafi araha ita ce sifesa, wani faifan ƙarfe ko alminiyom da ake ɗorawa a saman shok. Ka lura da lissafinsa, domin a nan ake yawan kuskure: shok ɗin gaba ba a bakin taya yake ɗaure ba, wajen tsakiyar lowa-am yake, saboda haka abin da ka ƙara a kansa kusan ninki biyu yake fitowa a taya. Sifesa mai kaurin milimita 25 tana ɗaga mota wajen 45 zuwa 50. Wanda ya sa mai kaurin 50 yana zaton inci biyu zai samu, ya kusa inci huɗu, kuma ya kashe gaban motarsa. Sifesa ba ta ƙara taushi ko kaɗan, tsohon shok ɗinka ne dai a sabon wuri. Tana kuma tura duka shok ɗin ƙasa, sai ƙafa ta riƙa saki fiye da yadda aka tsara, ofa-am ya riƙa dukan sifirin, bol-join na sama ya ƙure. Ƙaramar sifesa ta milimita 10 don gyara karkatar hagu ba laifi. Babba kuwa ba na sa wa motar da ke shiga gona.

Hanya ta biyu shok mai tsagi-tsagi a jiki, inda ake matsar da zoben da farantin sifirin ke zama a kai. Jerin 5100 na Bilstein da wannan ya yi suna. Ya fi sifesa, don tsawon shok ɗin an lissafa shi, ba zai bar ƙafa ta wuce iyaka ba. Amma duk tsagin da ka hau, kana cin sararin sakin ƙafa ne, a tsagi na ƙarshe motar takan yi tauri. Hanya ta uku, wadda na fi so, ita ce sabon shok da sabon sifirin da aka yi su tare don ɗagawar milimita 40 zuwa 50. A nan abin kula shi ne ƙarfin sifirin. Kamfanonin suna sayar da shi mataki-mataki: na gaban da babu ƙarin nauyi, na mai bambar ƙarfe, na mai bamba da winci. In motarka ba ta da waɗannan ka sayi mafi laushi. Mutane na son jin "hebi duti", su saya su ɗaura, motar ta ɗagu fiye da kima ta koma kamar amalanke.

Iyakar da nake tsayawa a kai da ofa-am na asali ita ce milimita 50, kuma a motarka 30 zuwa 40 ma ya isa. Dalili shi ne tafiyar ƙafar gaba ƙayyadadda ce, abin da ka ƙara a sama daga ƙasa ka ciro shi. Bayan an gama aiki, auna daga tsakiyar rim zuwa madigadi motar na ƙasa, sannan a ɗaga ta da jak ta shasi har tayar ta bar ƙasa a sake aunawa. Bambancin shi ne sakin ƙafa, kuma kada ya gaza milimita 60. In ya gaza, tayar ba ta da sararin bin rami, motar ce gaba ɗaya za ta riƙa faɗawa, taushin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Wuce 50 kuma yana karkatar da shaf na gaba, robarsa ta riƙa gogar kanta tana yagewa, giris ya watse, ƙasa ta shiga, sai ƙarar "ƙas-ƙas" a kwana.

Bayan fa? In sifirinka na asali ne kuma bai kwanta ba, gyara shi kamar yadda na faɗa a sama, ka sa masa shok mai tsawon asali, ka bar tsayinsa. In ya gaji har ya miƙe ko ya fara lanƙwasa ta ƙasa, sayi sabo na matakin ƙaramin kaya ko matsakaici, irin wanda ake rubuta wa daga sifili zuwa kilo 200 ko 300. Wannan adadin nauyin da ke zaune a motar kullum yake nufi, ba iyakar abin da za ta iya ɗauka ba. Na kilo 500 na dindindin na motar da ba ta rabuwa da tankin ruwa ko janareta ne. A motar da ke yawo fanko azaba ne. Ka sani kuma sabon sifirin irin wannan yakan ɗaga bayan shi ma, sai a sake lissafin gaba. Balan-balan ɗin iska da ake sawa tsakanin askil da shasi na taimakawa ga lodin lokaci-lokaci, amma yana tara nauyi a wurin da ba a gina shasi don shi ba, kuma an sha ganin shasin mota mai ƙofa huɗu ya lanƙwashe a nan in an cika lodi a bayan askil.

Taya

Tayarka 265/65R17 tsayinta milimita 776 ne. Mataki na gaba, 265/70R17, tana da 803. Faɗinsu ɗaya, bambancin tsayi 27, wato ƙasan motar zai ƙaru da wajen milimita 13 kacal, amma wannan 13 ɗin na gaske ne, don taya ce kaɗai ke ɗaga askil na baya daga ƙasa, ɗaga sifirin ba ya yi. Gefenta ya fi tsawo, saboda haka ta fi shanye duka. Wadda samari ke so, 285/70R17, tana da 831, ta kuma fi faɗi da milimita 20.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne ɗaga mota ba ya faɗaɗa ramin taya. Yana sauya inda tayar ke zama ne in mota na tsaye. Ranar da ka faɗa kwazazzabo da sitiyari a karye, ƙafar za ta dannu ta koma daidai inda take komawa kafin a ɗaga. Tayar da za ta goga, za ta goga. A Hilux wuraren gogar sanannu ne: robar taɓo da ke bayan tayar gaba, robar cikin madigadi ta wajen bamba, da kuma ƙahon shasi da bodi ke zaune a kai a bayan tayar. Da 265/70R17 a kan rim na asali, yawanci abin bai wuce a cire robar taɓo ko a ɗan gasa robar ciki a tura ta ba. Da 285 sai an kai ga yankan ƙarfe da walda a ƙahon nan, galibi da sabon ofa-am da wani rim.

Rim ma na da nasa. Na Hilux huji shida ne a da'irar milimita 139.7, ramin tsakiya 106, kuma na asali mai inci 17 ofset ɗinsa, wato nisan fuskar da ake ɗaure rim daga tsakiyar faɗinsa, wajen +30 ne. Rim ɗin kasuwa masu fitowa waje, masu ofset sifili ko ƙasa da haka, suna sa tayar ta yi babban zagaye in an karya sitiyari, sai ta ci ƙahon shasi ko da ba ta da girma, ga wahalar da boris, ga watsa tsakuwa a jikin ƙofa. Rim na asali da faffaɗar taya kuma matsalarsa ta ciki ce, gefen tayar ya matso ofa-am. Shi ya sa 265 a kan rim ɗinka ta fi kwanciyar hankali.

Akwai farashin da ake biya bayan na saye. Da 265/70R17, in allurar gudu ta nuna 100 motar na gudun da ya kai 103 da ɗoriya idan aka gwada da da. Da 285 ya kai 107. Haka ma lissafin kilomita zai riƙa ragewa. Injin 2.7 na fetur ba shi da ƙarfin ja a ƙasa kamar dizal, ƙarin kashi bakwai cikin ɗari a tsayin taya zai sa ka riƙa sauko da giya a hawa da kaya, mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa. Kashi uku da rabi kuwa ana jurewa. Zaɓi zanen ko'ina-da-ko'ina, wanda ake rubuta wa A/T. Mai manyan haƙora na taɓo, M/T, nauyi gare ta da kuka a kwalta, kuma tana rusa duk taushin da ka nema. Lambar nauyi kada ta gaza ta asali, wato 112, kilo 1,120 kowace taya. Ka sayi biyar, ba huɗu ba: mota mai fo-wil ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran in an sa giyar gaba. A gwada safayar a mazauninta na ƙarƙashin bodi tun a shagon, a ga ba ta taɓa salansa ba.

Ranar ɗauri

Jerin aikin na da muhimmanci: bushin da bol-join da tayi-rod da suka mutu a fara canza su, sannan shok da sifirin, sannan alaimen, taya a ƙarshe. Wanda ya fara da taya zai cinye ta kafin ya gama sauran.

Sifirin gaban Hilux ba a matse shi da igiya ko 'yan ƙugiyoyin ƙananan motoci. Ƙarfin da ke cikinsa na iya karya hannu ko muƙamuƙi in ya kuɓuce, a kai shi wurin mai matsi na tsaye. Duk kusan da ya ratsa bushin roba, wato ƙasan shok, lowa-am, idon sifirin da shakul, a ɗaura shi sako-sako, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, a jijjiga ta, sannan a ƙarasa ɗaurewa. In an ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta yage, kafin nan ma motar ta yi tauri. Yu-bol, wato ƙarfen da ke ɗaure sifirin baya da askil, in an kwance shi a sa sabo, a sake bin sa da sifana bayan kilomita 500 zuwa 1,000, don sabon sifirin yana zama. A duba tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar hana taya ƙamewa in an taka birki, motar na rataye, kada su miƙe kamar tsirkiya.

Wajen alaimen, ka ce wa mai yi ya duba kamba, wato karkatar taya ciki ko waje, da kasta, wato karkatar layin da taya ke juyawa a kai gaba ko baya, ba daidaita bakin taya kaɗai ba. Hilux na da kusoshin saiti a gindin lowa-am, kuma sukan ci tsatsa su ƙame a cikin bushin, gara a jiƙa su da mai tun kwana biyu kafin ranar. Ɗaga gaba yana rage kasta, motar ta riƙa yawo a kan gudu, sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana. Maido da kasta ta lowa-am yana kuma matsar da tayar gaba kaɗan, nesa da ƙahon shasin nan, wanda sau da yawa shi ke raba taya mai goga da marar goga.

In ka taɓa tsayin baya, leƙa saman askil ka ga ko akwai wani ɗan bawul a jikin shasi da siririyar sanda ta haɗa shi da askil. Yawancin Hilux marasa ABS na da shi. Shi ke auna lodi daga yadda bayan ya sauka, ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. In an ɗaga bayan ba a ɗaga maƙalar sandar daidai da haka ba, zai ɗauka motar fanko ce ko da taki buhu goma a kanta, ya rage birkin baya a ranar da ka fi bukatarsa. Daga nan a saita fitilu a jikin bango da dare.

Ban ga motarka ba, kuma awon ƙafafu huɗun nan da ƙirgen fallaye na iya sauya shawarar. Amma in sifirin bayan na asali ne kuma lafiyarsa ƙalau, abin da zan ɗaura mata shi ne babban shok mai bututu biyu a ƙafa huɗu, na baya mai tsawon asali, sabon sifirin gaba mafi laushi da zai ɗaga ta milimita 30 zuwa 40 gwargwadon abin da awo ya nuna, da 265/70R17 A/T guda biyar a kan rim ɗinta. Bayan an gama, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas, a hau gefen kwalbati da ƙafa ɗaya a hankali wani na tsaye yana kallon ramin tayar. Inda ta taɓa zai bar sheƙi a robar, nan za a gyara.